Sawun Abbati

Salima ta fito zubar da ruwan wanke-wanke ta tarar da tsohuwar nan a tsugune a ƙofar gidansu, daidai inda Abbati ya taka ɗazu. An yi ruwa da safe, ƙasa ta yi laushi, sawun yaron ya fito raɗau har da 'yan yatsunsa. Inna Mairama ta ɗora wani tsinke a kai. Tana ganin Salima ta yi wuf ta soke shi a ɗankwali.

"Inna, mi kike ɗiba nan?"

"Ba komi, ɗiyata," in ji tsohuwar, ta dafa gwiwa ta miƙe. "Wanga ɗa naki akwai ƙafar tafiya. Ki riƙa sa ido."

Salima ta sa ƙafa ta murje sawun. Ta koma ciki.

Bara Inna Mairama ta zo Ƙaura, bayan 'yan bindiga sun tarwatsa rugarsu can wajen Katuru. Ita kaɗai ta zo, da ƙwaryarta da sandarta, aka ba ta ɗaki a kangon da ke manne da gidan su Salima, tana saƙa faifai tana sayarwa. Ba ta taɓa yi wa kowa laifi ba. To amma a wannan zamani wanda ba a san danginsa ba, ko atishawa ya yi sai an tambayi dalili.

Ita kuwa Salima abin da ke gabanta ya ishe ta. Mijinta Dalhatu yana kan hanyar Moriki da buhunan hatsi, ita ce da yara uku daga wayewar gari zuwa faɗuwar rana. Laila da Mujahid da sauƙi, tsawa ɗaya ta zaunar da su. Abbati ne jarabar. Tun da ya koyi tafiya bai yarda gida wurin zama ba ne: ta juya ta duba tukunya, ya kai zaure, ta sunkuya shanya, ya kai bakin titi. Takalminsa ma ƙafa ɗaya ta bi kwata, ɗayar akuya ta tauna, sai yawo yake ƙafa a ƙasa.

Ba a rufa mako ba zazzaɓi ya kwantar da shi. Jiki kamar garwashi, ido ya juye, nono ma ya ƙi. Dalhatu ya kai shi kemis aka yi masa allura, ya koma kasuwa. Da hantsi Uwani, yayar Dalhatu, ta zo dubiya, Salima ta kasa riƙe abin a cikinta ta faɗa mata.

Uwani ta dafe ƙirji. "Sawu? Kuma kinka tsaya kallo? Ke, wagga tsohuwa an ce har jikanta ta cinye kahin ta taho. Ɗauko shi!"

Kafin su kai ƙofar kangon, matan layi sun cika bayansu. Inna Mairama na zaune a inuwa da faifai a cinya. Uwani ta shimfiɗa zane, ta kwantar da yaron a ƙasa.

"Tashi ki tsallake shi. Ki sakam muna ɗa."

Tsohuwar ba ta dubi Uwani ba, Salima ta duba. "Uwar Abbati, ke ma haka kinka ce?"

"Na gan ki da idona, Inna. Ki ji tsoron Allah ki tsallake shi."

Tsohuwar ta buɗe baki kamar za ta yi magana, ta dubi taron, ta rufe. Sannan ta jawo sandarta, ta tattare zane, ta ɗaga ƙafa a hankali don kada ta taɓa yaron, ta tsallake. Ta koma ɗaki ta saki labule.

Washegari zazzaɓi ya sauka. Allurar kemis ba wanda ya tuna da ita.

Daga ranar faifan Inna Mairama suka daina fita. Yara in sun zo wucewa sai su tofa yawu su ruga. Salima ta samo laya ta ɗaura wa Abbati a ƙugu, ta sa turmi ta tokare ƙofar zaure. Duk da haka hankalinta bai kwanta ba, ko tari yaron ya yi sai ta waiga wajen katanga. Ta can ɗin ma tari ake yi, busasshe, tun ana farkon damina har gero ya fitar da kai.

Wata rana da la'asar tana daka, murya ta ƙetaro katangar, a dishe. "Uwar Abbati, in kin samu sarari ki leƙo. Akwai abin da nika son ba ki."

Salima ta ji sarai. Sai ta ƙara wa taɓarya ƙarfi.

Mai garuwa ne ya sami Inna Mairama, ana tsakiyar yankan gero. Ya yi sallama ba amsa, ya ɗaga labule ya fito yana salati. Maza suka tafi haƙa kabari, amma matan layi kowace ta tuna da aikin da ya sha mata kai. Hannatu, dattijuwar da ke wankan gawa a unguwar, ta aiko a ba ta mai zuba mata ruwa.

"Ki tahi," in ji Dalhatu. "Katanga guda ta raba mu. Gobe mu za a tambaya."

"Baban Laila, ka san abin da ta yi ma ɗanka."

"Ni ban sani ba. Ki tahi."

Ta damƙa Abbati a hannun Laila, ta karanta duk addu'ar da ta iya, ta shiga. Ɗakin fes, tabarma ɗaya, tulu, faifan da ba su sami mai saye ba jere a bango. Idon Salima na ta yawo, tana neman ƙaho ko ƙulli.

"Duba cikin ƙwaryar can," in ji Hannatu. "Irinsu ba su rasa likkahwani a aje."

Yana nan kuwa, a ninke, da ɗan turare. A ƙarƙashinsa wata baƙar leda ce, an ƙulle ta tamau. Salima ta ɗauko ta. Ga ta nan, ƙasar sawun ɗanta. Ta juya wa Hannatu baya, ta sa haƙori ta kwance, da niyyar ta watsa a masai.

Takalmi ne. Ɗan ƙarami, ja, sabo fil. A cikin ƙafar dama akwai tsinken tsintsiya, an karya shi daidai tsawon takalmin, daga dunduniya zuwa yatsa.

Salima ta san wannan tsinken. A garinsu Banga, tana yarinya, haka babanta ke yi in sallah ta matso: ya tsayar da ita, ya auna ƙafarta da kara, ya karya, ya soke a hula ya tafi kasuwa. Ta matse dunduniyar takalmin ba da niyya ba. Ya yi ƙiii.

Hannatu ta ɗago. "Au, ashe ba ta ba ki ba? Tun kahin zancen nan ta saye shi, wai sai sallah. Ta ce jikanta kamar naki shike, ɗan tatata. Ranar da sunka gudu ya sulale cikin dawa, ba wanda ya ji hitatai. Ta ce da shina da mai kuka a ƙahwa, da sun ji shi." Ta miƙo buta. "Zuba min, ɗiyata, rana na yi."

Salima ta zuba. Kunya da baƙin ciki suka rufe ta, ruwan na zuba a karkace.

Bayan an kai Inna Mairama an dawo, Salima ta zaunar da Abbati a cinya ta saka masa takalmin. Da ƙyar ya shiga, ƙafar ta ƙaru tun ranar da aka auna. Yaron ya taka, ya ji kukan, ya ƙyalƙyale da dariya, ya sake takawa.

Ta janye turmin daga ƙofar zaure, ta zauna tsintar wake. Ba ta ɗaga kai ba, amma tana jin sa: ƙiii, ƙiii, ya ratsa tsakar gida, ya bi zaure, ya fita, ya karkata hagu. A ƙofar kangon ƙarar ta tsaya.