Gurbin Baba Direba

Fankar ofishin kamfanin sufurin tana juyawa kamar an tilasta mata. Mai Kwamfuta ya ƙura wa allon ido har ya fara ganin bibbiyu.

Shi ya rubuta makro, ɗan tsarin kwamfutar da ke tara laifuffukan kowane direba a jeri, ya ƙirga su. Mai laifi ko da ɗaya ne ba a ba shi doguwar hanya. Ga Baba Direba, wanda ya tsufa a kan sitiyari ba a taɓa kawo ƙararsa ba, makron ya rubuta masa ɗaya. An mayar da shi jigilar cikin gari, gwiwarsa tana kumbura saboda taka birki.

Sai bayan azahar ya gano matsalar. Idan direba ba shi da laifi, makron yana buɗe jeri mai gurbi ɗaya, babu komai a ciki. Shi kuma gurabe yake ƙirgawa, ba abin da ke cikinsu ba.

Ya kai wa Manaja maganar.

"Bar shi haka," in ji Manaja, yana murza goshi. "Wa ka sani da ba shi da ko ɗaya? Tun da abin nan ya fito, kowa ya shiga taitayinsa."

"Ranka ya daɗe, ai ba laifi ba ne. Wuri ne kawai."

"To wurin yana jiran mai shi."

Mai Kwamfuta ya koma kujerarsa. Gyaran layi guda ne: a buɗe jerin da babu gurbi ko ɗaya a cikinsa. Ya daɗe da yatsa a sama, sannan ya gyara. Bai gaya wa kowa ba.

Baba Direba ya shigo yana ɗingishi, ya zauna kan buhun takardu.

"Ɗana, kar ka wahalar da kanka. Na tuno. Akuya ce. Da daɗewa, a wata kwana, na kaɗe ta ban tsaya ba."

"Baba, na'urar ba ta san akuyar nan ba."

"To wa ya gaya mata?"

Mai Kwamfuta ya juya masa allon. Sifiri.

"Gobe doguwar hanya taka ce."

Tsohon ya daɗe yana kallo, yana shafa gwiwa.

"Zan je," ya ce a hankali. "Amma akuyar fa, a ina za ka sa ta?"