Gangaren Maƙabarta

Mijina Lufeyo ba tafiya ce ta gagare shi ba, tsayawa ce. Tun da ciwon karkarwa ya kama shi, in ya ɗaga ƙafa sai ƙirjinsa ya yi gaba, ƙafafun su bi shi da ƙananan taku suna neman cim masa, har sai ya samu bango ko bishiya. Mafi yawan lokaci ni ce bangon. Nakan shiga gabansa in juya masa baya, ya zo ya jingina. Na gaji, ba zan ɓoye ba, gwiwoyina ma ba na yarinya ba ne.

Da ban san tsayawa aiki ba ce. Na yi shekara da shekaru ina sauko da bokitin ruwa daga dutse, ban taɓa lura cewa sai na kafa diddige a gaba, na ja jiki baya, na saki gwiwa ta karɓi nauyin ba. Shi wannan ne ya ɓace masa.

Su mutanen ƙauyenmu ba su ga ciwo ba, girman kai suka gani. A nan ba a gaisuwa a kan tafiya, shi kuwa sai ya wuce ƙofar mutum fuu, kai a sunkuye, baki yana motsi. Da zazzaɓi ya ɗauke 'yar Yotamu, maƙwabcinmu, sai aka tuna cewa tsohon ya sha wuce gidan yana ƙunƙuni. Bara an ƙone wa wata tsohuwa ɗaki a kan zancen maita da bai kai wannan ba.

Na ce ya zauna a gida ranar jana'iza. Ya ce in ba a gan shi ba, shi ke nan an tabbatar. Gaskiyarsa ce, shi ya sa ta ba ni haushi.

Abin da ban lissafa ba, maza daban suke tafiya, mata daban, hanyar maƙabarta kuma gangare ce. Ina can baya cikin masu waƙa na hango furfurarsa tana ƙara sauri. Aka sauke akwati a bakin kabari, kowa ya tsaya. Mazan da ke gabansa suka dare biyu, don ba mai son jikinsa ya taɓa shi. Tsakaninsa da akwatin ba komai sai fili.

Na yi gudu, irin gudun da ya rage mini. Ban isa ba.

Saura kaɗan ya faɗa kan akwatin sai ya karkata, ya jefa kansa ƙasa da gangan, da fuska, ko hannu bai tare ba. Waƙa ta mutu. Na durƙusa na juyo shi, jini da ƙasa sun cika masa baki. Na ja shi, na kasa ɗagawa, mutane suna tsaye suna kallo.

Yotamu ne ya zo ya kama ɗaya kafaɗar. Da ya ji yadda jikin ke rawa a hannunsa sai ya dube ni.

"Mama, tun yaushe yake haka?"

"Tun kuna cewa ba ya gaisuwa," na ce.

Lufeyo bai ji mu ba. Ya damƙi zanina, yana tofar da ƙasa, ya kira ni yadda ya saba.

"Maman Tamanda, ban taɓa yarinyar ba, ko?"