Masar, Indiya ko Ingila?

Malama Zulaihatu ta daɗe tana koyar da labarin ƙasa a makarantar 'yan mata ta Kontagora. Ta san kogunan Indiya, ta san watan da ƙanƙara ke sauka a Ingila, amma ita ƙafarta ba ta taɓa wuce Zariya ba. Zariyar ma ciwo ne ya kai ta.

Tun haihuwarta ta ƙarshe jiki ya yi ta buɗewa har ƙiba ta danne ta. Gwiwoyi suka fara ƙara, numfashi ya riƙa sarƙewa tsakanin ƙofar gida da bakin titi. Ta bar tuwon dare, ta sha dafaffen ganye iri-iri, duk a banza. A damanar 1994 likitan Zariya ya ce mata hawan jini ya riga ya shigo, ciwon sukari kuma yana bakin ƙofa. Ya ce akwai aikin da ake yi a ƙasashen waje, a rage wa mutum tumbi, ya koma ci kaɗan ya ƙoshi. Ya ambaci Masar da Indiya da Ingila, ya ce ta je ta yi shawara.

Ƙanenta Muhyiddin, mai fataucin hatsi a Rijau, yana jin labari ya taso a mota. "Yaya, ke dai zaɓi ƙasa," in ji shi. "Sauran ɗawainiya ki bar mini."

Ranar ta kasa cin abinci don murna. Ita ce za ta shiga jirgin sama! Ta zauna a tsakar gida tana dariya ita kaɗai.

Da Juma'a aka taru a falonta bayan an sauko daga masallaci. Mijinta, Malam Jinaidu, magatakardan kotu, ya gyara zaman hularsa ya ce Masar ce ta dace: ƙasar Musulmi, ana jin kiran salla daga gadon asibiti, shi kuma yana da Larabcin da zai yi magana da likita.

"Malam, Larabcin naka na littafi ne," in ji Adda Sakinatu, yayar Zulaihatu. "Indiya za a je. Likitocinsu sun iya aiki, ga yadi mai kyau, ga turare."

"Adda, asibiti za a kai ni ko kasuwa?" Zulaihatu ta tambaya, aka kwashe da dariya.

Muhyiddin ya ce shi Ingila yake so, don a ce yayarsa ta je Landan. Kowa ya riƙa ɗaga murya yana yabon ƙasarsa, ita kuwa duk wadda aka ambata sai ta ji can zuciyarta ta tafi. Aka watse ba a tsai da magana ba.

Washegari ƙawarta Dorkas, nas ce a garin, ta leƙo gaishe ta. Da ta ji rigimar sai ta ce, "Duk cikinku akwai wanda ya taɓa ganin wanda aka yi wa aikin? Akwai wata Hajiya Maiturare a Minna, mai sayar da atamfa. An yi mata bara. Shirya mu je."

Suka tafi a motar Muhyiddin. A ƙofar gidan suka tarar da wata mata mai matsakaicin jiki tana sauko da tulin atamfofi daga bene, taku ɗai-ɗai ba haki. Zulaihatu ta gaishe ta, ta ce Hajiya suke nema.

"Ni ce," in ji matar. Ta dubi Zulaihatu sama da ƙasa ta yi murmushi. "Bara war haka na fi ki ƙiba. Shigo, 'yar'uwa."

Zulaihatu ta riƙe hannun matar ta kasa saki.

Hajiya Maiturare ba ta ɓoye mata komai ba. A Alƙahira aka yi mata. Ta ce akwai ciwo, akwai amai, kuma mutum zai daɗe yana shan kunu da cokali kamar jinjiri. Ta ce wata da suka kwanta ɗaki ɗaya ta sha wuya ƙwarai kafin ɗinkinta ya kame.

"Kar ki zaɓi ƙasa don sunanta," in ji ta. "Ki duba inda za ki iya komawa in likita ya ce yana son ganin ki. Jirgin Masar daga Kano yake tashi, ba canji, ba yawo. Sannan ki tafi da mace. Mijinki ba zai shiga banɗaki da ke a ɗakin mata ba."

"To abinci fa, Hajiya?"

"Ki niƙa gero ki tafi da garinki. Kununsu ba irin namu ba ne."

A hanyar dawowa Zulaihatu ba ta yi shiru ba har suka wuce Tegina. Tana ta lissafa wa Dorkas abin da za ta gani ta tagar jirgi: hamada, sannan kogin Nilu ya ratsa ta kore shar. Suna isa gida, tun kafin ta cire mayafi ta ɗaga murya.

"Malam! Masar za mu!"

Malam Jinaidu ya fito yana washe baki. "Ai na faɗa tun farko."

"Ka faɗa, amma ba don Larabcinka ba ne. Kuma da Adda za mu tafi."

Adda Sakinatu, wadda ke gidan tana jiran dawowarsu, ta ɓata rai na ɗan lokaci don Indiya ta kuɓuce mata, sannan ta tambaya ko a Masar ma ana samun yadi. Da aka ce mata har ya yi yawa, sai ta rangaɗa guɗa.

Bayan kaka suka tashi su uku, ita da Malam da Adda. Aikin ya yi kyau, ko da yake makon farko Zulaihatu ta yi kuka ta ce da ta sani. Adda ce ta yi ta dama kunu tana lallashi. Suka dawo, jiki ya riƙa zubewa a hankali, sau ɗaya aka koma Masar ganin likita.

Da ƙaramar salla ta matso, ta kwashi rigunanta ta kai wa Sati, telan unguwa, ya rage mata. Sati ya ɗaga ɗaya ya ware ta a iska, ya dube ta, ya sake duban rigar.

"Malama, wannan ba ragewa za a yi ba. Riga biyu zan fitar a ciki."

"Fitar da su," in ji ta. "Ɗaya tawa, ɗaya ta Dorkas."