Ƙanƙara a Maƙogwaro

Geron Arzika ya kai tsawon yatsa lokacin da ƙanƙarar ta sauko. Bizne ya yi, ya zuba iri a busasshiyar ƙasa tun kafin ruwan fari, kuma duk abin da yake da shi ya zuba. Hadarin ya taso daga wajen Tsafe da la'asar. Kafin magariba ƙanƙara ta kashe kaji, ta farfasa ƙoren da aka bari a waje, ta niƙe shukar cikin laka. Da safe Arzika ya zaga gonarsa daga wannan gefe zuwa wancan, bai ga abin da zai tsuguna ya duba ba.

Ƙasa ta sha ruwa sosai. Mai iri zai sake shuka yau ko gobe. Wanda ba shi da shi, daminarsa ta ƙare tun ba ta fara ba.

Arzika bai daɗe da dawowa gida ba. Yana cikin waɗanda aka ɗiba ɗaukar kaya lokacin yaƙin Jamus, ya yi shekaru a ƙasar Kamaru. Ya dawo ya tarar iyayensa sun rasu, gidansu ya zama fili. Ya kafa bukka a gefen tunga, ya share tsohuwar gonar ubansa. In bai noma bana ba sai ya sake kama hanya, shi kuwa ya gaji da hanya.

Ya sami Labbo, maƙwabcin gonarsa, yana sake shuka da iyalinsa.

"Malam Labbo, barka da aiki. Ko za a samu ɗan abin da ya rage a ƙwarya?"

"Wace ƙwarya?" Labbo ya karkato masa ita. "Ka ga wanga? Shi ɗai ya rage, ga bakuna cike da gida. Kai da ke da tsohuwa bisa dutse? Yelwa ba ta taɓa kwana babu iri ba."

"Rafi ya cika. Ba a ƙetarewa."

"To jira shi janye."

"In ya janye, ƙasa ta bushe."

"Allah shi kawo sauƙi," in ji Labbo, ya koma kan aikinsa.

Yelwa kakar Arzika ce ta wajen uba. A da mutanen tungar duka a kan dutsen suke zaune, saboda mahara. Da hari ya ƙare bayan zuwan Nasara, sai suka riƙa saukowa gida-gida. Yelwa ta ƙi. Ta ce mijinta na can kwance, ita ma can za ta kwanta. Ana kai mata gishiri da kanwa ta hanyar da ta zaga bayan dutsen ta ƙetare rafi. Ban da wannan hanya, saura guda ce: wata doguwar tsaga da ta raba fuskar dutsen daga sama har ƙasa, wadda ake kira Maƙogwaro. Samari kan hau ta da rani wajen neman zuma. Arzika ya sha hawanta kafin a tafi da shi.

Ya rataya burgami, jakarsa ta fata, ya ɗauki fartanya, bai gaya wa kowa ba. Babu ma wanda zai gaya wa.

A gindin Maƙogwaro akwai ɗan kogo inda ake ajiye takalma. Ba mai hawan dutsen nan da takalmi. Fata zamewa take yi, tafin ƙafa kuwa yana gane dutse, yana sanin inda zai riƙe tun ido bai gani ba. Haka aka koya musu suna yara. Arzika ya tuɓe nasa ya tura cikin kogon, ya yi bisimilla, ya fara hawa.

Da farko dutse ne jiƙaƙƙe, ga ganyayen da aka kakkaɓo, ga wani tsuntsu matacce. Ƙafarsa ta tuna wurin. Ya yi nisa kafin ya kai inda tsagar ta karya kwana, yana leƙawa ya tsaya.

A ƙasa ƙanƙara ta narke tun jiya. Nan kuwa duk wadda ta zuba a kan dutsen ta gangaro ta taru, kuma rana ba ta shiga sai ta take tsaka. Ta cika tsagar daga bango zuwa bango, ta miƙe sama kamar farin rawani da aka warware. Ya dafa ta. Ƙwayoyin sun manne da juna sun yi tauri. A ƙarƙashi yana jin ruwa na gudu.

Ya waiwaya. Gonaki na can ƙasa, mutane ƙanana a cikinsu, ba wanda ya ɗago kai. Gonarsa ce kaɗai babu kowa.

Ya sara ƙanƙarar da fartanya, ya yi gurbi, ya sa ƙafa. Ya sake sara a sama, ya sa ɗayar. Da fari kamar garwashi yake takawa. Zafin ya bi ƙwabrinsa har gwiwa, sai da hawaye suka zo masa. Ya ci gaba da sara yana hawa. Can sai zafin ya ragu, daga baya ya ɗauke gaba ɗaya, Arzika ya ji daɗi. Ya ɗauka ƙafar ce ta saba.

Bai gane ba sai da ya sa ƙafa a gurbi, ya kasa sanin ko ta shiga. Ya duba da ido. Ta shiga, amma ba ta gaya masa komai ba. Ya buga ta a bangon dutse, ya ji kamar itace ya buga. Daga nan dole ya riƙa duban kowace ƙafa kafin ya ɗora mata nauyinsa, ga tsagar sai ƙara miƙewa take yi, har ƙirjinsa na gugar ƙanƙarar.

Wani gurbi ya fashe. Ya zame a kan cikinsa, ya kai sara da hannu biyu, bakin fartanya ya kafe. Ya tsaya a rataye yana haki. Inda ƙafarsa ta burma, rami ya buɗe, baƙin ruwa na wucewa a ciki. Ya kalli hanyar da ya biyo. Kowane gurbi da ja a cikinsa, har inda ido ya ƙare. Ya daɗe yana kallo kafin ya gane jininsa ne.

Ya yi kira. Bai kira sunan kowa ba, ihu kawai ya yi. Muryar ta haura tsagar ta dawo masa.

Jikinsa ya so ya zauna. A wani dutse a Kamaru ya ga wani ɗan dako mutumin Bungudu ya sauke kaya cikin sanyi ya ce zai ɗan huta, da aka dawo ta wurin yana nan zaune yadda aka bar shi. Arzika bai zauna ba. Ya zare fartanyar ya sara sabon gurbi.

Rana ta leƙo bakin tsagar. Ƙanƙarar ta fara laushi, gurbi ba ya riƙe nauyi. A nan bangayen sun matso kusa da juna, don haka ya soke fartanya a ɗamara, ya jingina baya da wannan bango, ya tokare ƙafafu da wancan, ya riƙa turo kansa sama kaɗan-kaɗan. Kaushin dutsen ya cinye rigarsa, ya kama bayansa. Abin da yake yi wa tafin ƙafarsa kuwa, bai ji ba. Da rub da ciki ya fita.

Tsohon garin na nan yadda aka bar shi. Katangu sun zube, rumbuna babu jinka, ciyawa ta fito a ƙofar masallaci. Hayaƙi ɗaya ne ke tashi. Ya nufe shi yana tafiya kamar mai tsaye a kan turame.

Yelwa na shanya tabarmi a kan wani shimfiɗaɗɗen dutse, awakinta na kewaye da ita. Ta kare ido da hannu.

"Wa nika gani? Angona ne ya tuno yana da mata?"

"Ina kwana, Kaka."

"Kwana? Rana ta take tsaka. Ta ina ka biyo? Rafi ya cika, ina jin kukansa daga nan."

"Maƙogwaro."

Ta dubi ƙafafunsa, ta bar tabarmar ta faɗi. "Zauna. Dutsen nan bai taɓa cin ƙafar ɗan gidanmu ba."

"Ba dutse ba ne. Ƙanƙara ce."

Ta ɗumama ruwa a kasko, ta tsoma masa ƙafafun. Jim kaɗan zafin ya dawo gaba ɗaya. Arzika ya cije igiyar burgami. Fatar tafin duka biyu ta saluɓe, farcen babban yatsa ɗaya babu. Ta shafa man kaɗanya, ta yaga tsohon zane ta ɗaure.

"Yi kuka in kana yi. Awaki ba su kai labari tunga."

"Ba ni yi."

"Ba ka taka ƙasa da waɗanga kafin wata shi tsaya."

"Iri na zo nema, Kaka."

"Na sani. Da don ni ne, da ka jira rafi."

Ta shiga ɗaki ta jawo tukunya. Ƙanƙara ta huda jinkar ɗakin jiya, ruwa ya kwana yana zuba a ciki. Arzika ya tsoma hannu ya ɗebo. Gero ne mai kyau, wanda ta zaɓa zangarniya-zangarniya ta sussuke, amma ya kumbura, wasu ƙwayoyin har sun fito da farin hanci.

"Ki shanya shi."

"In na shanya ya mutu. Wanga ba ya jiran jibi."

"In rarrafa da shi ƙasa fa?"

"Ta ina? Rafi ko Maƙogwaro? Zaɓi inda kake so a tsinto ka, in san inda za ni kuka."

Ba wanda zai hauro sai rafi ya janye, kuma ko an hauro, kowa na da tasa gonar.

Yelwa ta nuna bayan rumbuna da haɓa. "Gonar kakanka na nan. Juji ne na gari guda, awakina sun ƙara mata taki."

"Ba ta kai rabin tawa ba."

"Tana ciyar da mutum biyu in ba su da baƙi. Wa ke zo mana?"

Ya san abin da ke cikin maganar. Wanda ya shuka a nan, nan zai yi noma, nan zai yi maimai, nan zai zauna har girbi. Gonar ubansa ciyawa za ta rufe ta. Don ya zauna cikin mutane ya dawo gida. Ya sake duban geron da ke tafin hannunsa, ya mayar da shi cikin tukunyar a hankali.

"Miƙo min fartanya."

Gonar 'yan filaye ne na baƙar ƙasa a tsakanin duwatsu. Ba ya iya tsayuwa ya yi sungumi, don haka da gwiwa ya shiga, ƙafafunsa a ɗage a bayansa. Yana sara rami, ya ja jiki gaba. Tsohuwar na biye da shi da ƙwarya, tana zuba iri, tana binnewa da diddige. Ba su da sauri. Inuwar rumbuna ta yi tsawo ba su kai tsakiya ba.

"Layinka ya karkace, ango," ta ce.

"Gero bai damu ba."

"In ya fara ido birai na zuwa. Ni ba su jin tsorona kuma. Kai za ka riƙa zama can bakin dutse kana jifa."

"To."

Ya ja gwiwa gaba, ya sara wani ramin.