Ɗigo Uku

"Da ƙafarta ta shigo garejin nan, Oga Labaran."

"To ai da ƙafarta za ta fita. Ga tayoyi huɗu nan, ka tura."

Mutanen da ke kan benci suka bushe da dariya. Ni ban yi ba. Na tsaya ina kallon motar Baba, bonet a buɗe, wayoyi sun zubo kamar kayan cikin rago.

"Kwana shida tana hannunka," na ce. "Da jijjiga na kawo ta. Yanzu ko tari ba ta yi."

Labaran ya goge hannu a tsumma, ya nuna ni da sifana. "Kai, Suhaibu, shekara ashirin ina sana'ar nan. Babu motar da ban sani ba. Wannan ba mota ba ce, fitina ce. Filogi uku! Wane mai hankali ne zai ƙera mota da filogi uku? Ko kana nufin na saci wani abu ne?"

"Ban ce ba."

"To wallahi da ka ce, da ka ga abin da ba ka so."

Na rufe bonet. Na saki burkin hannu, na sa kafaɗa a jikin ƙofa, na fara turawa.

*

Gajeriya ake ce mata a layinmu. Ƙaramar mota ce mai ƙofa biyu, koriya, kamar an yanke wutsiyar wata motar an bar kan. Baba ya saye ta a hannun wani malamin jami'a baƙo da zai koma ƙasarsu, lokacin Baba yana aiki a Kongo, nan cikin Zariya. Duk Zariya ban taɓa ganin 'yar'uwarta ba.

Shekara goma sha huɗu ba ta kwana a gareji ba. Duk Asabar da hantsi Baba zai shimfiɗa buhu a ƙofar gida ya shige ƙarƙashinta. Ni kuwa ina filin ƙwallo. Ban taɓa tambayarsa komai ba. Tuƙi kawai na koya.

Muryarta siririya ce, kamar keken ɗinki mai sabon mai. Tun daga kwanar masallaci Inna ke jin ta. Ko tana tsakiyar tuƙa tuwo sai ta ce, "Ga Malam nan," ta ɗora ruwan shayi. Bayan rasuwarsa da watanni, ni ne a sitiyari, amma tana jin muryar sai ta miƙe. Daga baya ta tuna, ta koma ta zauna.

Da lokacin juyen mai ya yi, na kai ta garejin Nagoda da ke hanyar Kongo. Baƙin mai kawai da filogi. Na nemi wuri na zauna a kan wata tsohuwar taya. Nagoda dattijo ne mai furfura a gemu. Ya dube ni ya ce, "Ɗana, tashi ka je gida. Amana ce. Ko ba ka yarda da ni ba ne?"

Kunya ta kama ni. Ta yaya zan tsaya a kan sa'an mahaifina kamar mai gadin ɓarawo? Na ba shi makulli na tafi.

Ta dawo tana jijjiga, muryarta ta dushe. Na kai ta wani babban kanti na dillalan motoci a Kaduna, mai bangon gilashi da sanyi. Wani mai laktaye a wuya ya jona mata kwamfuta, ya daɗe yana latsawa, ya ce ba ta cikin jerin motocinsu, ba sa taɓa irinta. Daga nan sai Labaran. Shi ma ya ce amana ce. Shi ma na ji kunya.

Ranar Lahadi Inna ta yanke magana. "Suhaibu, ba zan iya ganinta a mace a ƙofar gidan nan ba. In Juma'a ta yi ba ta tashi ba, masu gwangwan su zo su ɗauka. Na riga na yi magana da su."

Masu gwangwan da guduma suke sayen mota. A kilo.

Ranar da na turo ta daga garejin Labaran Talata ce.

*

Titin Tudun Wada ba ya tausayin mai tura mota. 'Yan keke suna zagi, 'yan acaɓa suna shafa ni da madubi. Wani mai rake ya tare min hanya da baro, na miƙa hannu na danna oda. Ita kaɗai ta rage da rai a motar, wata 'yar ƙara kamar kukan ɗan akuya.

"Tsaya!"

Wani tsoho ne a gindin darbejiya, gefen wani shagon kwano. Ƙananan janareto biyu a gabansa, da kan keken ɗinki. Ya karkata kai, ba ni yake kallo ba.

"Sake dannawa."

Na sake.

"Motar Salmanu ce wannan," ya ce. "Kai wane ne?"

"Ɗansa ne, Baba."

"Shi yana ina?"

Na faɗa masa. Ya cire hularsa ya riƙe a gwiwa. Sai a nan na lura da idanunsa. Yanar ido ta rufe su, fari fat kamar an ɗiga nono.

Sunansa Baba Edward. Shekara ashirin da shida ya yi a wani kamfanin haɗa motoci kafin a sallame su. Shi ya raka Baba ranar da ya sayi motar, shi ya koya masa shiga ƙarƙashinta. Yanzu janareto yake gyara, da risho.

"Ba sa kawo min mota," ya ce. "Wai ina da nawa wajen aiki. Wai kuma ina yawan cewa ban sani ba. Turo ta inuwa."

Na turo. Na miƙa masa makulli, na ce zan dawo gobe.

"Za ka me?"

"Don kada in takura maka, Baba."

"Zauna!" Muryarsa ta sa mai rake ya waigo. "Ubanka bai faɗa maka ba? Mai mota ba ya barin motarsa. Ko a wurina. Ɗauko kujerar can."

Ya nemi buta ya wanke hannu da sabulu, har tsakanin yatsu. Ban taɓa ganin bakaniken da ya wanke hannu kafin ya taɓa inji ba. Sannan ya sunkuya, ya lumshe idanun da ba ya gani da su, ya zura yatsu.

Na ga masu karatu da yatsa a allo. Wannan ya fi shi. Yatsun suna tafiya a kan ƙarfe, suna tsayawa, suna komawa baya. Leɓensa yana motsi. Wani wurin ya ƙwanƙwasa da farce ya saurara. Wani wurin ya shafo ya kai hanci.

"Kawo hannunka."

Ya kama yatsana ya ɗora a gefen injin. Na ji wasu ƙananan ramuka uku a jere.

"Ƙusa da guduma," ya ce. "Ni na ce masa ya yi wa duk abin da za a iya kwancewa alama. Ɗigo uku. In an canja, zai gane. Kwana biyu ya yi yana bugawa, yana ta mita wai na mayar da shi maƙeri."

Na bar yatsana a wurin. Hannun Baba ne ya yi waɗannan ramukan. Ina filin ƙwallo.

"Yanzu mu nema," in ji Baba Edward.

Kwayil, babu ɗigo. Famfon mai, babu. Kik mai tayar da inji, babu. Duk wanda ya shafa sai ya ce "babu" a hankali, kamar mai kiran sunayen waɗanda suka mutu a haɗari. An cire na ainihi, an ɗaura na jabu, kan-ta-waye. Wani ma ba na irin motar ba ne, da waya aka ɗaure shi.

Ya kwanta a ƙasa, da shekarunsa, ya ja jiki ƙarƙashi. Na ji yana bin bututun hayaƙi da hannu. Sai ya tsaya.

"Shigo ka ji."

Na shiga. A jikin tukunyar salansa, inda bututun ya faɗaɗa, akwai wani layin walda, sabo, mai kaushi.

"An farke cikinta an ɗinke," ya ce. "Akwai wata saƙa a ciki kamar ta zuma, indomi suke ce mata. Ita ke tace hayaƙi, ita ke lallashin ƙara. Tana da tsada, akwai masu saye. Sun kwashe, sun bar maka tukunya wayam."

Na fito, na ɗauki wani ƙarfe a ƙasa.

"Ina za ka?"

"Wurin Labaran."

"Zai ce Nagoda ne. Nagoda zai ce Labaran. Kowanne zai rantse, kuma ranar Juma'a sahu ɗaya za ku tsaya. Kai kana nan lokacin da aka kwance?"

Na kalli ƙarfen da ke hannuna.

"To ajiye ƙarfen, ka riƙe min sifana mai lamba goma."

"Za ta tashi, Baba?"

"Ban sani ba tukuna."

Duk yawon da na yi da motar nan, a hannun masu sifana, wannan ce magana ta farko da na yarda da ita.

*

Laraba da Alhamis na wuni a kujerar nan. Na riƙe, na miƙa, na wanke da fetur. Ya aike ni kasuwar kayan Beljiyam, inda ake sayar da tsofaffin kayan mota, sau uku da tsohon kwayil a aljihu, sau biyu ya shafa abin da na kawo ya ce in mayar. Ya warware wayoyi ɗaya bayan ɗaya, ya ce Labaran ya jera su kamar na mota mai filogi huɗu. "Bai sani ba, kuma ba zai ce bai sani ba. Da motocin mutane suke koyo."

In na gaji sai in kalli titi. Motoci suna wucewa, da kekuna. A cikin wata daga cikinsu akwai ƙarfe mai ɗigo uku yana aiki. Mai motar bai sani ba. Wataƙila shi ma nasa yana cikin ta wani.

Alhamis bayan la'asar ya ce in shiga in murɗa. Na murɗa. Ta yi tari ta mutu. Ya ɗauki dogon sukudireba, ya ɗora tsininsa a kan injin, ya manna kunne a mariƙin.

"Sake."

Ta yi tari sau biyu. Bai ɗaga kai ba. Hannunsa na hagu ya lalubi wani ɗan noti, ya juya shi kaɗan, kaɗan ƙwarai, kamar mai gyara wa jariri wuya.

"Sake."

Ta kama.

Mai rake ya yi kabbara. Ni na kasa sakin sitiyari. Tsohon da ba ya ganin fuskata yana tsaye, kunne a kan ƙarfe, yana murmushi kamar ana ba shi labari a ciki.

Sai murmushin ya tafi. Ya koma bayan motar ya tsaya, yana sauraren bakin salansa. Ƙara ce mai kauri, mai karkarwa, kamar ana kaɗa duwatsu a garwa.

"Tafiya za ta yi," ya ce. "Har Kano ma. Wannan kuwa ya fi ƙarfina. Ba za ka sami irin abin da suka cire ba."

Ya karɓi ƙusa da guduma, ya danƙa min. "Sababbin da muka sa. Kai za ka buga."

Na buga. Ɗigona bai miƙe kamar na Baba ba.

*

Na shigo layinmu kafin magariba. A kwanar masallaci na rage gudu, kamar yadda Baba ke yi. Na tsaya a ƙofar gida, ban kashe ba. Na jira.

Labulen zaure bai motsa ba.

Na taka mai sau biyu. Shiru. Sai da na danna oda sannan na ji takalminta.

Inna ta fito da gari a hannu. Ta ga motar tana rawa a kan tayoyinta, ta ga ni a ciki. Ta dafa bango.

"Alhamdulillahi," ta ce. "A aika wa masu gwangwan kada su zo."

Ta matso a hankali. Ta ɗora tafinta a kan bonet, garin ya bar shatin yatsu biyar a koren fenti. Ta karkata kai, irin karkatawar Baba Edward, ta daɗe a haka.

"Na ji mota ta tsaya tun ɗazu," ta ce. "Ban tashi ba. Na ɗauka baƙin maƙwabta ne."

Ƙusar tana aljihuna, tana sukar cinyata. Ladan ya fara gyara lasifika.

"Suhaibu," ta ce, "ina muryarta?"