Esin Ɗakin Inna

Ƙarfe uku na rana ma'aunin zafin da Injiniya ya rataye a ɗakin mahaifiyarsa ya nuna arba'in da ɗaya. Ya rubuta a ƙaramin littafinsa. Inna na kwance a ƙasa, ta jiƙa zane ta lulluɓe ƙafafunta, fanka na juya mata iska kamar hucin tukunya.

"Nawa ya ce yau, Auta?"

"Arba'in da ɗaya."

"To ka gaishe shi."

Ya san inda zafin yake fitowa. Bara yayansa ya sare bishiyar tsakar gida ya tayar da bene hawa uku, 'yan haya kuwa yanzu kafin su tambayi ruwa sai sun tambayi esi, na'urar sanyaya ɗaki. Injiniya ne ya ɗaura su da hannunsa, guda tara, irin waɗanda ba sa shan wuta sosai. Abin da ya je ya karanto ke nan shekara shida. Kowace esi kashi biyu ce: wadda ke cikin ɗaki tana hura sanyi, da akwatin waje mai zubar da zafin da aka kwaso. Akwatunan nan tara duk bayan ɗakin Inna suke fuskanta.

Sau biyu ta yanke jiki ta faɗi a wata guda. Likita ya ce ko a sanyaya ɗakin, ko a fitar da ita. Yaya ya ware mata ɗaki a ƙasan bene, ta ce a nan ta haife su, daga nan za a ɗauke ta.

Kowa ya san ba haihuwar ba ce ta riƙe ta, taga ce. Tagar Inna na kallon wani siririn lungu, a ɗaya gefen kuma tagar maƙwabciyarta ce, Mai Ɗinki. Shekara arba'in ta nan suke miƙa wa juna gishiri da zare da labarin wanda ya mutu. Yanzu gwiwoyinsu sun daina kai su zagayen ƙofa. Waya kuwa Inna ta ce ba ta jin mutum sai tana ganin bakinsa.

Injiniya ya kwana biyu yana neman inda zai sa akwatin waje in ya ɗaura wa Inna esi. Bangon baya iskarsa ta kai hamsin, injin zai ninka shan wuta ya mutu kafin shekara. Rufin tsohon kwano ne, ba zai ɗauka ba. Bangon lungu kaɗai ya rage, ƙarƙashin taga.

Yana cikin huda bango Mai Ɗinki ta tsayar da kekenta ta leƙo.

"Injiniyan sanyi, me kake rataya mana?"

"Esi ce, Gwaggo."

"Wannan ƙaton akwatin? Bai yi kama da sanyi ba."

"Sanyin yana ciki. Wannan bayanta ne."

"Ato. Ke tsohuwa, kin ji ɗanki ya sayo miki damina a kwali."

"Baƙin ciki kike yi," in ji Inna daga ciki.

Ya kunna, ya rufe tagar, ya yi wa Inna bayani: in taga na buɗe, wuta kawai za a sha a banza. Cikin minti arba'in ma'auni ya sauko ashirin da shida. Inna ta yi barci har tana minshari. Ya tsaya a kanta ya ɗan jima, sannan ya rubuta lambar.

Rana ta huɗu ya shigo ya tarar da esi a kashe, taga a wangale, ma'auni na nuna arba'in.

"Inna, wa ya kashe?"

"Ni. Ka leƙa ka gani."

Ya kunna ya fita lungun. Labulen Mai Ɗinki na kaɗawa zuwa cikin ɗakinta, tana zaune a kan keke, zufa na ɗiga daga haɓarta a kan yadin mutane. Ya aza ma'auni a bakin tagarta. Ya ƙaru da huɗu. Washegari ya lanƙwasa fallen kwano ya ɗaura wa akwatin don iskar ta yi sama. Ta yi sama, ta daki bango, ta dawo.

Haka aka yi ta yi. Ya kunna ya tafi aiki, Inna ta kashe. Yaya ya ɗauke rimot, ta gano makunnin bango. A mako na uku ta sake faɗuwa, goshinta ya fashe a gefen gado.

Ran da aka sallamo ta daga asibiti, Mai Ɗinki ta yafuto shi ta taga, murya ƙasa ƙasa.

"Ɗan nan, sau nawa ke nan?"

"Uku."

"Saboda ni take kashewa?"

Ya kalli akwatin da ke ƙarƙashin tagar Inna.

"Uwarka da taurin kai kamar ƙusa. Ka ce mata mura nake yi, iskar lungu ba ta yi mini."

Ta jawo ƙyauren tagarta ta sa sakata. Da ya faɗa wa Inna, ta ce, "Mura a wannan zafin?" Ta ƙwanƙwasa gilashinta da zobe. Ba a amsa ba, ƙarar keke kawai ake ji. Daga ranar ba ta sake taɓa makunnin ba. Da sassafe, kafin rana ta yi ƙarfi, suna buɗewa su gaisa su zagi juna kaɗan, sai kowa ta rufe.

Bayan mako biyu 'yar Mai Ɗinki ta kira shi. Ɗakin mahaifiyarta ya zama tanda, ta daina ɗinkin rana, ta daina cin abinci. Esi irin ta Inna suke so.

Ya zagaya gidan da tef ɗin awo. Nan ma bango ɗaya ne ke kallon waje. Ƙasa ba wuri, akwatin Inna ya cinye. Dole na biyun ya hau sama, daidai tsayin taga. Ya auna faɗin lungun, ya cire kaurin akwati, ya cire ƙarfen da zai riƙe shi. Abin da ya rage wa ƙyauren Inna yatsa huɗu ne. Ya sake aunawa. Yatsa huɗu.

"Gwaggo, in na sa shi a nan, tagar Inna ba za ta buɗu ba."

Tana kwance da jiƙaƙƙen tsumma a goshi. 

"Akwai wani wurin?"

"Babu."

"To me kake jira?"

Ya gama kafin la'asar. Akwatunan biyu suka fuskanci juna, ɗaya sama ɗaya ƙasa, kowanne yana shaƙar zafin ɗan'uwansa. Ya duba mita: shan wutar kowanne ya ƙaru da kashi ɗaya cikin biyar. Ya rubuta.

Da safe ya kawo wa Inna magani, ya same ta tsaye tana tura ƙyauren. Ya buɗe kaɗan ya daki ƙarfe. Ta sa ido a tsagar. Ba abin da ake gani sai farin gefen akwati.

"Ta ce wani abu?"

"Ta ce a gaishe ki."

Inna ta jawo ƙyauren ta rufe, ta koma bakin gado ta ja mayafi ta rufe kafaɗunta.

"Nawa ya ce yau?"

Ya duba bango.

"Ashirin da shida."