Angarib Mai Ƙafa Shida

Ladan kafinta yana cikin auna shi na shigo. Zainul'abidin na kwance a tsakar gida bisa tabarma biyu da aka haɗa, ƙafafunsa sun kumbura kamar tulu. Ladan ya ja igiya daga kafaɗa zuwa kafaɗa yana ƙunshe dariya.

"Ya zol, mutumina, wannan ba gado za a yi ba, gada ce."

A nan Umbadda, unguwarmu a Umdurman, a kan angarib, gadonmu na igiya, ake haihuwar mutum, a kansa kuma maza suke ɗaukarsa a kafaɗa zuwa makabarta. Zainu ya san kwanansa ya ƙare, ya kuma san babu angarib a Kasuwar Umdurman da zai iya da shi. Shi ya sa ya ce a yi masa mai ƙafa shida. Ni ban taɓa ganin irinsa ba, sai na tsuguna ina kallo.

Yana yaro kawunsa ya tafi da shi Amurka. Shekara tara ya yi a ƙwallonsu na masu hular kwano. Ya ce su biyar suke jeruwa kafaɗa da kafaɗa, su duƙa, da an yi tsawa sai su kai karo, don kada kowa ya kai ga mai jifan ƙwallo da ke bayansu. Bai taɓa riƙe ƙwallon ba. Unguwa ta yi ta dariyar wannan. Ni kuwa aji uku na yi, amma ina son tambaya. Ya nuna mini yatsunsa, kowanne ya kalli gabansa daban. Ya ce da sanyi numfashinsu yakan zama hayaƙi, na kwana biyu ina ganin maza biyar suna turiri kamar murhu.

Da ya dawo, gwiwa ta tafi, kai ma ya fara tafiya. Wata la'asar muna sahu na biyu, mun yi ruku'u, liman ya ɗaga murya. Zainu ya zabura a duƙe ya kwashe mutum huɗu na sahun gaba. Alhaji Ibrahimu mai shago ya karye a kafaɗa. Zainu ya tsaya yana waige-waige, yana tambayar ina mai jifa. Daga ranar aka hana shi masallaci.

Da Ladan ya fita, Zainu ya riƙo hannuna.

"Baba, a kafaɗa za a kai ni, kamar ubana. Kada a loda ni kamar kaya."

Na ce masa to.

Ranar Alhamis da hantsi ya cika. An sallace shi a ƙofar gida, don wannan dole ne. Aka gama, kowa ya shiga neman takalminsa. Na bi su ɗaya-ɗaya ina roƙo, na samu mutum bakwai. Suka ɗaga da kyar, suka yi taku kamar arba'in, suka dire shi a gaban shagon Alhaji Ibrahimu suna haki. Na ce a zo a karɓe su. Masu shan shayi a inuwa babu wanda ya motsa.

Alhaji ya shafa kafaɗarsa.

"Wanda ya iya kwashe sahu, ai ya iya kai kansa."

Aka yi dariya ƙasa-ƙasa. Wani ya tsayar da karo, keken jakin da ke jigilar jan bulo. Angarib ɗin ya fi karo faɗi, sai suka mirgino gawar kan katako, likkafanin ya kwashi jar ƙura. Mawahib ƙanwar Zainu ta leƙo daga ƙofar gidansu.

"Baba, ka yi masa alkawari fa."

Katakon bai kai tsawonsa ba, ƙafafun sun zarce suna reto. Na duƙa na ɗora su a kafaɗata. Mai karo ya yi wa jaki tsaki, muka kama hanya, ina daidaita takuna da nasa.